Malamin Lemu Ba Ya Cin Albasa

Jiya a bakin kasuwar Jega na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai feshi ba sana'a ba ce, duk mai ƙarfin baya da famfo ya gama koyo. Wai a zuba ruwa, a tsiyaya magani da murfin kwalba, a goya, a shiga gona. Ban tanka ba, don ba a tsakiyar kasuwa ake irin wannan magana ba. Yau kuma ga ku kun zo ƙofar gidana kuna neman aron famfo. To, famfo dai ba zan ara muku ba, wannan na faɗa tun yanzu. Amma ku zauna ku ji abin da kuke kira ba sana'a ba.

Shekara talatin da wani abu ke nan ina wannan aiki tsakanin Jega, Aliero da Maiyama. Wanda ya koya mini shi ne Baba Ummaru, tsohon malamin gona da ya ajiye aiki ya koma lambunsa a bakin gulbi. Na je wurinsa ina da ƙarfina, har da iyali, ina zaton washegari zan goya famfo. Abin da ya miƙo mini kwalabe shida ne masu faɗin baki, da tsumman atamfa na rufe su, da tsohuwar reza, da gilashin nan mai ƙara girman abu wanda gefensa ya tsage. Damina guda cur ban taɓa famfo ba. Aikina in tsinci tsutsa a gona, in sa ta a kwalba tare da ganyen da na same ta a kai, in riƙa canza mata ganye har in ga abin da za ta zama.

Aikin farko da na bi shi gidan wata dattijuwa ne, Inna Kulu, a cikin garin Jega. Tana da dashen lemun tsami kamar goma sha biyu a bayan ɗaki, cikin tsofaffin gwangwanaye, tana renonsu kafin a kai lambu. Ta aiko cewa wani abu yana cinye mata ganye. Muka je muka tarar rabin dashen ba komai sai tsinke. Baba ya tsaya nesa ya ce da ni, "Mamman, diba da kyau, ka gaya min abin da ka gani."

Na duƙa na juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ba kome nan sai kashin tsuntsu."

Ya tsinko sili ya taɓa kashin tsuntsun. Sai abin ya ɗaga kai, ya fito da wani ƙaho ja mai reshe biyu daga ƙeyarsa, wani wari irin na ruɓaɓɓen ɓawon lemu ya bugi hancina. Baba ya ce, "Kashin tsuntsun garinku shina da ƙaho?"

Daga ranar na san tsutsar malamin lemu. Haka Baba yake kiran babban malam-buɗe-littafin da take zama, don a kan lemu da danginsa kawai yake haihuwa. Na ɗauki huɗu na kai gida, kuma abin da zan gaya muku ba a littafi na karanta ba, a kwalba na gani. Uwar tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan sabon toho, ƙwai kewayayye mai ruwan madara, bai kai ƙwayar gero ba. Kwana huɗu ko biyar sai ya yi duhu ya fashe, tsutsar ta fara da cinye ɓawon ƙwanta. Tana ƙarama baƙa ce da farin dabbare a gadon baya, sak kashin tsuntsu, shi ya sa tsuntsu yake wuce ta. Tana girma tana saɓa. A saɓar ƙarshe sai ta koma kore shar, kaurin ƙaramin yatsa, da baƙaƙen zane a karkace da wasu ɗigo kamar idanu a bayan kai. A wannan matakin take ɓarna. Biyu sun isa su tsiraita dashe guda.

Idan ta ƙoshi sai ta daina ci, ta yi ta yawo har ta sami reshe. Ta manna wutsiya, ta zagaya zare siriri a kugunta kamar ɗamara, ta jingina da baya ta sandare. Wannan muke kira ƙunshi. Mafi yawa a ɗanyen reshe kore yake zama, a busasshe kuma ruwan ƙasa, sai mai ido yake ganinsa. Da damina mako biyu ya isa, da rani yakan daɗe ƙwarai. Ranar fita da safe yake tsagewa, abin ya fito da fikafikai a cukurkuɗe, ya rataye har su miƙe su bushe. A cikin huɗun nan nawa uku suka fita lafiya. Na huɗu sai na ga ƙananan huji a jikin ƙunshin, wasu 'yan ƙwari kamar ƙananan rina suna yawo a kwalba. Na kai wa Baba ina cewa na yi asara. Ya yi dariya ya ce, "Waɗanga su na ma'aikatanmu da ba mu biya. Uwassu ta yi ƙwai cikin ƙunshin, sunka cinye shi. In ka yi feshin banza, su ka fara mutuwa."

Shi kansa malamin lemu ba ya ɓace wa wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi. Idan ya buɗe fikafikai ya kusa faɗin tafin hannu. Baƙi ne da ɗigo-ɗigon rawaya mai haske, rawayar ta ratsa fiffiken baya kamar ɗauri. A kowane fiffiken baya akwai ido biyu, ɗaya ja da shuɗi a can ƙasa kusa da jiki, ɗaya shuɗi a sama wanda fiffiken gaba yakan ɓoye. Bakin fiffiken kamar an yi masa yanka-yanka. Baba ya ce dangin malamin lemu na kudu suna da wutsiya a fiffike irin ta tsattsewa, shi kuwa ba shi da ita. Idan yana shan fure ba ya tsayar da fikafikansa, yana sha yana kaɗawa. Idan ya tsufa rawayar takan dushe ta yi duhu, har wani ya ce wani iri ne daban. Mazan su ne suke taruwa a kan danshin hanyar ruwa suna tsotsa. Macen ita ce za ka ga tana bin kan lemu, ta taɓa ganye da ƙafafun gaba, ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai ta wuce. Kada ku haɗa shi da jan nan mai baƙin gefe da fararen ɗigo, wannan a kan tumfafiya yake haihuwa. Kada ku haɗa shi da fararen nan da suke cika hanya bayan ruwa, yawancinsu a kan tafasa da rai-ɗore suke. Kowane da abincin 'ya'yansa, kuma ba ya sakewa.

Dashen Inna Kulu ba mu fesa masa komai ba. Muka tsince tsutsotsin da hannu, muka murje ƙwan da yatsa, Baba ya nuna mata yadda za ta riƙa yi kowace safiya. Ranta bai so ba. Ta ce, "Ni na kira masu magani, kun zo kuna min tsince-tsince kamar kaji." Baba ya ce, "Inna, jikokinki nan suke wasa, kajinki nan suke kiwo. Dashe goma sha biyu bai kai a zuba guba a tsakar gida ba." Bayan wata guda dashen ya yi sabon toho, ta aiko mana da fura.

Irin wannan mai kira shi ne ya fi yawa, har gobe. Mutum ba ya jin an yi masa aiki sai ya ji warin magani ya cika gona. Ka ce masa gonarka lafiya lau, ya ce ba ka iya ba. Ka ce masa wannan ƙwaron yana cin wancan, bar shi, ya dube ka kamar mai taɓin hankali. Ku kuma kun zo kun ƙara lalata su, don ku ba ku taɓa cewa a'a. Akwai wani a Kimba da ya kira irinku, suka zo da famfon da aka yi feshin ciyawa da shi ko ɗauraya ba a yi ba, suka shiga masa barkono. Kwana uku ganye ya nannaɗe. Ni famfo biyu gare ni, na ciyawa daban na ƙwari daban, ba sa haɗuwa. Bakin famfo ma iri-iri ne, akwai mai shimfiɗa ruwa, akwai mai yin hazo ya shiga ƙarƙashin ganye. Ba a feshi da tsakar rana, ba a yi iska na dawo maka da shi. Ba a shiga ba takunkumi da safar hannu da takalmin roba. Na ga ɗayanku da idona ya cire bakin famfo da ya toshe ya hura da bakinsa. Na ga an wanke kwalbar magani an zuba man gyaɗa. Wannan kuke kira sauƙi.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na gonar Alhaji Mu'azu, a wani ƙauye kusa da Aliero, shekarar da ba zan manta ba. Baba Ummaru ya riga ya rasu a lokacin. Alhaji Mu'azu mai noman irin albasa ne. Ba albasar kasuwa yake nema ba, barin ta yake ta yi kara ta yi fure ta ba da baƙin iri, manoma daga Maiyama da Mungadi da Kimba su zo su saya. An san irinsa, ana yarda da shi. Gefen gonar yana da lambun lemun tsami da ake ba ruwa da inji ɗaya. A bakin lambun kuma akwai amya takwas na wani mai zuma, Malam Tukur, mutumin Mungadi, wanda yake kawo su duk shekara idan albasa ta kusa fure. Shi ya sami zuma, Alhaji ya sami iri. Sun fi shekara goma a haka.

A tsakiyar rani aka aiko mini in zo da sauri. Na ɗaure famfo a bayan babur na isa da hantsi. Gonar ta yi fari fat da fure, kana jin kukan zuma tun daga hanya. Ƙudaje ma sun cika, ga malamin lemu ko'ina, wasu a kan fure, wasu sun yi layi a danshin hanyar ruwa. An ba lemun ruwa sosai shekarar, ya yi toho da yawa, shi ya sa suka yawaita.

Alhaji na tsaye da babban ɗansa Nasiru, magidanci ne mai shagon sayar da magungunan gona a bakin titi. Nasiru ya miƙo mini lawashi, ganyen albasa ke nan, duk ya huje ya yi fari-fari. Ya ce, "Baba Mamman, ka ga ɓarnar da waɗanga masu rawaya sunka yi muna. Ga magani na kawo, mai ƙarhi na. Ka goya kawai."

Na ce ya dakata. Na zaro reza na tsaga lawashin a tsaye. A ciki ga tsutsa siririya, kore mai duhu, da layi a gefe. Na bi fangali biyar ina dubawa, na sami ƙwanta a kan ganye, a tare wuri ɗaya, an lulluɓe da wani abu kamar auduga. Na dawo na nuna wa Alhaji a ƙarƙashin gilashi.

Na ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, wagga tsutsa ɗiyar faɗa-wuta ta, ƙaramin nan mai ruwan toka da ba ka ganinai da rana. Waɗanga masu rawaya ruwan fure sunka zo sha. Ɗiyansu na can bisa lemu, ba su cin albasa."

Ya ce, "To mi za a yi?"

Na ce, "Tsutsar ba ta da yawa, kuma albasa ta riga ta yi kara. A sa mutane su yanke lawashin da ya huje a binne. Lemu kuma a tsince da hannu, manyan itatuwa ba abin da za ya same su. Amma fure ya buɗe. Duk wanda ya fesa magani bisa wanga fure ya kashe zuma da ƙudaje, kuma su ka ɗaukar garin fure daga wanga kai zuwa wancan. In babu su, babu iri."

Nasiru ya yi murmushi ya ce da ubansa, "Alhaji, ka ji irin ta tsohhin nan. Gona cike da ƙwari, shina cewa a bar su." Ya juyo wurina. "In ƙarhin goyo na ba ka da shi, ka hwaɗa, akwai samari."

Na ce, "Akwai samari, na sani. Ni dai hannuna ba shi ciki." Na sake duban Alhaji na ce, "In kun ƙi ji, ko Malam Tukur ku aika ma shi ya zo ya kwashe amyatai tukuna."

Alhaji ya ci gaba da duban lawashin da ke hannunsa. Na hau babur na tafi, famfona a ɗaure yadda na zo da shi.

Washegari da rana tsaka, lokacin da zuma ta fi yawa a kan fure, Nasiru ya kawo samari uku da famfo uku. Suka haɗa magani iri biyu a ganga ɗaya, wai don ya fi ci. Suka bi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, suka shiga lambun lemu, bayan kwana huɗu suka maimaita. Ba wanda ya aika Mungadi. Wani mai ban ruwa ne ya gaya wa Malam Tukur, ya iso ranar feshi na biyu ya tarar da zuma zube a ƙarƙashin amya kamar an shanya baƙin wake. Amya shida sun mutu gaba ɗaya. Ya sauke biyun da suka rage ya tafi da su, bai yi wa kowa magana ba.

Da lokacin yankan kan furen albasa ya yi, kawunan ba nauyi. Aka sussuka, aka sheƙe, yawanci ƙaiƙayi. Ɗan irin da aka samu a motse yake, bai cika ba. A nan ne maganar ta juyo kaina. Mutane sun gan ni na shiga gonar da famfo a bayan babur. Duk wanda ya tambayi Nasiru a shago sai ya ce, "Ai Mamman munka kira, shi ya diba gonar." Bai ce na fesa ba, bai ce ban fesa ba. Alhaji kuma ya yi shiru. Kafin ruwan farko maganar ta zaga kasuwar Jega cewa Mamman ya tsufa, ya ƙone wa Alhaji Mu'azu iri.

Daminar nan mutum uku kawai suka kira ni. Mutanen da na yi wa aiki shekara ashirin sai su gan ni su kau da kai. Ina da shekara hamsin na koma ƙwadagon noma a gonakin mutane, ina duƙe da fartanya ina ganin samari suna wucewa da famfo a baya suna fesa wa wake magani yana cikin fure. Na je wurin Alhaji sau biyu a kan ya fito ya faɗi gaskiya. Na farko aka ce ba ya nan. Na biyu ya ce, "Mamman, ka yi haƙuri, magana ta, za ta wuce." Ɗansa yake karewa da sunana.

Ba ta wuce ba, don ya sayar da irin. Da damina ta ja baya manoma suka yafa shi a fangali suka yi ta ban ruwa. Inda ya kamata ya fito kamar gashi, sai tsilli-tsilli. Wasu sun sake yafawa, haka. Lokacin dashe yana wucewa, ga fadama an gyara ba abin dasawa. Mutum bakwai daga Maiyama da Mungadi suka kai kuka wurin maigarin ƙauyen Alhaji, aka aiko in zo.

Na tafi da kwalabe biyu. Da safe na bi ta wani lambu na tsinci manyan tsutsotsin malamin lemu guda huɗu, koraye masu yunwa. A zauren maigari, bayan gaisuwa, aka ba Nasiru magana. Wannan karon ya ƙara gishiri. Ya ce ni na ce masu rawayan nan su ne ɓarna, ni na ce a fesa, su bin umarni kawai suka yi.

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, ina roƙon a ba ni lawashi ɗanye da ganyen lemu."

Aka kawo. A gaban kowa na sa tsutsa biyu da lawashi a kwalba ɗaya, biyu da ganyen lemu a ɗayar, na ɗaure bakinsu da tsumma na ajiye gaban maigari. Na ce, "A bar su nan har la'asar. Ni shekara talatin nike renon waɗanga. In sun taɓa albasa, duk abin da anka ce na yi, na yi."

Aka tashi sallar azahar, aka ci abinci, kwalabe suna gaban maigari ba wanda ya taɓa. Da la'asar aka dawo. Ganyen lemu ba saura sai jijiya, ƙasan kwalbar cike da kashi. Na lawashi kuwa suna ta zagaya gilashi suna neman hanyar fita, ganyen ko gatsa ɗaya babu. Aka miƙa kwalaben hannu zuwa hannu. Wani dattijo daga Maiyama ya daɗe yana juya ta lawashin, sannan ya ce, "Ashe a banza anka kashe su."

Maigari ya ce, "Wanga ya nuna ƙwaron ba shi da laihi, kuma Mamman ya san haka. Saura wa ya sa anka fesa."

Sai Malam Tukur ya yi gyaran murya daga bayan zaure. Ban san ma ya zo ba, ya biyo mutanen garinsu ne. Ya ce, "Ni na iske su da idona ranar na biyu. Samari ukku, Nasiru na tsaye bisa kunyar gona shina nuna musu. Mamman ba shi wurin." Maigari ya tambaye shi abin da ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Ba a tambaye ni ba kahin a kashe min zuma, ba a tambaye ni ba bayan an kashe."

Maigari ya juya wurin Alhaji Mu'azu ya ce, "Alhaji, kai na babba. Mi Mamman ya ce maka ranar?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ya ce kar a fesa. Ya ce a aika Mungadi. Ban aika ba."

Aka yanke cewa Alhaji ya nemo iri mai kyau daga wani wuri ya ba mutanen nan bakwai. Ya nemo, amma lokaci ya riga ya ja, albasarsu ta shekarar ba ta yi girma ba. Ni kuwa ba wanda ya yanke mini komai. Daminar da na rasa ta tafi. An dai ci gaba da kirana a hankali, wasu suna cewa dama su ba su yarda da maganar ba. Ina jinsu, na san waɗanda suka kau da kai.

Da rani ya zagayo, albasar Alhaji ta fara fitar da kara, sai ga shi a ƙofar gidan nan da kansa, a inda kuke zaune. Bai ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba. Ya ce in duba masa gona. Na je na duba, na ce gona lafiya, amma shiru ya yi yawa, ba kukan zuma. A wancan gefen ba mai amya sai Malam Tukur, kuma ya rantse ba zai sake kai zumarsa can ba. Alhaji ya ce in raka shi Mungadi.

Muka same shi a bayan gida yana shafe sabuwar amya da kashin shanu. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa mana tabarma, ya koma kan aikinsa. Alhaji ya yi magana mai tsawo, ya ambaci shekarun da suka yi tare, ya ce kuskure ne, ya ce duk abin da Malam Tukur yake so zai yi. Malam Tukur bai ɗago ba sai da ya gama shafe amyar. Ya wanke hannu ya zo ya zauna.

Ya ce, "Famfo nawa ke gidanka, Alhaji?"

"Huɗu."

"Da na shagon Nasiru da shike ba haya?"

"Su ma ukku."

Ya ce, "To ka kwance bakinsu duka bakwai ka kawo min. Su kwana aljihuna tun daga ranar da fure na farko ya buɗe har ranar da anka yanke kai na ƙarshe. In wani abu ya taso, Mamman ya diba, in ya ce a fesa ni da kaina ni ka kawo bakin, bayan na kwashe amyata."

Alhaji ya ce, "Malam Tukur, maganata ba ta isa ba?"

Ya ce, "Bara ta isa. Bana sai da bakin famfo."

Muka koma. A gabana Alhaji Mu'azu, mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo kasuwa, ya zauna a kan buhu a shagon ɗansa yana kwance bakin famfo ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, Nasiru na tsaye yana kallon titi. Ya ƙulle su a gefen rawaninsa muka koma Mungadi a ranar. Malam Tukur ya ƙirga su a tafin hannu, bakwai, ya zuba a aljihu. Bayan kwana biyu ya ɗora amya huɗu a kan amalanke ya kama hanyar Aliero.